Tsinke Goma Sha Ɗaya da Ƙulli Takwas

Litinin, bakwai da kwata na safe

Ruwa: babu. Mazurari a bushe, sai gizo-gizo da ya yi saƙa a bakinsa. Na kore shi.

Auta ce ta kawo mini wannan littafin, wai in daina rubuta zancena a gefen littafin ruwa. Tana da gaskiya, lamba da surutu ba sa zama shafi ɗaya. Ban taɓa zama a aji ba. Akawun gonar gwaji ne ya koya mini lamba, shekarar da aka ɗauke ni duba ma'aunin ruwan sama. Baƙi kuwa tsintarsu na yi ɗaya-ɗaya, a jikin buhunan taki da littattafan yarana. Wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa.

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina aunawa ƙarfe bakwai na safe, ba fashi. Da aka rufe gonar za a ƙona takardu, na zuba littattafan nan arba'in da ɗaya a baro, na ɗora ma'aunin a kai, na turo gida. Yanzu yana tsakar gida, nesa da indararo.

Auta ita ce ƙaramar 'ya'yana, tana koyarwa a jami'a. Shekara biyu ta yi tana kwafe lambobina a kwamfuta, ta rubuta takarda a kan yadda damina take sauyawa, ta aika wa wata mujallar masana. Sunana yana kai, ƙarƙashin nata. Ta bugo waya ta ce amsa ta zo, za ta biyo da yamma.

Litinin, biyar da rabi na yamma

Ta zo, ta zauna a kujerar roba, shayin da na haɗa mata ya huce a gabanta. Nan na san akwai magana.

Ga yadda ta fayyace mini. Mujalla ba ta buga takarda don kawai an aiko mata. Sai ta ba wasu masana biyu da suka san harkar, su bi ta layi-layi suna neman inda ta yage. Ba a faɗa maka sunansu. Na ɗaya ya yaba, ya ce littattafan nan dukiya ce, a gyara zane biyu kawai. Na ce Allah ya yi masa albarka, an ba shi tarbiyya.

Na biyun ne ya coge a shekara ta tara da fara awona. Wai akwai kwana goma sha tara a tsakiyar daminar, inda ruwanmu ya ninka na tashoshi uku da ke kewaye da mu. Duk ranar da aka yi ruwa ninki biyu ne, daga nan kuma ya koma daidai. Ya ce in ba a yi bayanin wannan ba, ba zai iya amincewa da sauran shekarun ba. An ba ta kwana talatin.

"Baba, me ya faru a shekara ta tara?"

"Ruwa aka yi."

"Na sani. Amma ninki biyu cif, har kwana sha tara?"

"Ke ba a ma haife ki ba. Shi kuma marar fuskan nan yana ina a lokacin? Da hannuna na rubuta."

Ta ce in takardar ta faɗi, ba za a tabbatar da ita a aikinta bana ba, sai dai a ga abin da Allah zai yi. A hankali ta faɗa, tana kallon tabarma.

Tumatirin bayan ɗaki ya fara ja. Na tsinka mata uku.

Talata, bakwai da minti goma

Ruwa: milimita huɗu da ɗigo biyu. Ƙafar hagu tana ciwo. Hadari ne.

Laraba, sha ɗaya na safe

Ruwa: babu.

Na je shagon Tela na zauna a bencina. Maƙwabcina ne tun muna da baƙin gashi, kuma ba ya kirana da komai sai Milimita. Na ba shi labari, ina jiran ya zagi Na Biyu. Sai ya ciji zare ya ce:

"Ai wannan mutumin kirki ne."

"Ka san shi ne?"

"Na san irinsa. Mai riga yana duba waje ne, ya ce ta yi kyau. Tela ɗan'uwanka shi zai juya cikinta ya ga inda ka yi ha'inci. In yana yabonka, to yabo ne."

"In na kirki ne me ya sa ya ɓoye fuskarsa?"

"Don irinku. Da ka san gidansa da yanzu kana ƙofar da sanda."

Na ce aljihun rigar da ya ɗinka mini bara har yau a karkace yake, wa ya juya cikinta? Ya ce kafaɗata ce a karkace. Muka sha shayi. Ya fi na gidana daɗi, amma ban faɗa masa ba.

Alhamis, bakwai daidai

Ruwa: milimita goma sha ɗaya. Da hannuna na rubuta.

Asabar, huɗu na yamma

Ruwa: ɗigo takwas, bai kai milimita ba.

Auta ta zo da mijinta, ya ajiye ta ya wuce. Na ce mata na yi tunani: ta janye takardar, ta kai wata mujallar. Duniya da faɗi, ba za a rasa inda ba Na Biyu ba.

Ta ce, "Wace, Baba? Mai ƙofa a kulle?"

Ta san inda za ta taɓa ni. Bari in rubuta yadda aka yi, don kada gobe a ce ban faɗa ba. Shekara uku da suka wuce ta nemo mini wata takarda a intanet, wadda wasu baƙi suka rubuta a kan ruwan yankinmu. Lambobin gonarmu suka yi aiki da su, na shekara goma da aka taɓa aika wa ofis. Muka ga kan maganar da layi bakwai, sai allon ya ce a biya kafin a ga saura. Ruwan da na auna da sanyin safiya, wai sai na biya in gan shi. Ranar na rantse littattafaina ba za su shiga inda ake kulle ƙofa ba. Na ce ko manomi, ko ɗan makaranta, ko Tela da wayarsa mai fasasshen gilashi, kowa ya buɗe ya karanta. Ta sha wahala kafin jami'arta ta yarda ta ɗauki nauyin bugawa a irin wannan mujallar.

Abin da ban sani ba sai yau: mujallar nan ba takardar kaɗai take buɗewa ba. Tambayoyin masu tantancewa da amsar da aka ba su, duk tana liƙa su a ƙasa, kowa ya gani, har abada.

"Wato duk abin da muka ce da Na Biyu, duniya za ta karanta?"

"Kai ka ce a buɗe ƙofa, Baba."

"Ƙofar zaure na ce, ban ce ta ɗaki ba."

Ta yi dariya, karon farko tun Litinin. Dariyar uwarta gare ta, kafaɗa ke fara rawa kafin murya ta fito.

Lahadi, bakwai da kwata

Ruwa: babu. Na share tsakar gida. Na daɗe riƙe da tsintsiyar.

Talata, sha biyu na rana

Ruwa: milimita ashirin da uku da ɗigo biyar. Ruwa mai kyau, a tsaye ya sauko, ba iska. Kajin maƙwabta sun fake a zaurena, na bar su.

Auta ta nemi littafi na tara ta ɗauki hoton shafukan. Na ɗauko mata. Ta buɗe shi a kan tebur kusa da taga, tana juyawa a hankali kamar yadda na koya mata, daga kusurwar sama. Shafukan damina duk sun yi kumburi, tawada ta baje nan da can, don a tsaye nake rubutawa ruwa na ɗiga daga hulata. Da ta kai kwanakin nan ta tsaya. Shafin sumul yake, ba ɗigo ko ɗaya. Lambobin a jere kamar sojoji, biro ɗaya, zama ɗaya.

Ta duba shafin, ta dube ni. Na ce shayi ya ƙare, bari in leƙa kanti.

Da na dawo ta tafi. Ta rufe littafin ta ɗora tabarauna a kai.

Laraba, bakwai da minti biyar

Ruwa: milimita biyu. Saura kwana ashirin da ɗaya.

Alhamis, uku na yamma

Na hau kujera na sauko da gwangwanin da ke kan kabad. Na goge ƙurar. Na mayar.

Jumma'a, bakwai da rabi

Ruwa: babu. Na makara da rabin awa. Ba abin da ya hana ni, ina zaune ne kawai a bakin gado.

Litinin, goma na safe

Ruwa: milimita shida. Jiya da shekaranjiya babu.

Kwana uku Auta ba ta bugo ba. Mijinta na gani a hanya, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce tana ta lissafi, tana neman ko akwai wata hanyar da ruwa zai ninka a gona ɗaya ya tsallake maƙwabta. Ya ce ta rame. Na ce a gaishe ta.

Tumatir ya yi yawa, na kai wa matar Tela kwano guda.

Laraba, sha ɗaya da rabi

Ruwa: milimita tara da ɗigo ɗaya.

Tela yana yanka yadi, bai ɗago kai ba ya ce:

"Milimita, shekara ta tara ɗin nan, ba ita ce shekarar da tarakta ta taka maka ƙafa ba?"

Na ce ban riƙe ba.

"Kai? Kai da ka riƙe ranar da aka kafa sandar lantarkin layin nan, da sunan wanda ya haƙa ramin? Ni na kai maka bargo asibiti. Kwana nawa ma ka yi?"

Na ce almakashinsa ya dakushe, yana cin yadin mutane.

Ya ajiye almakashin. Ya ce a kwanakin nan kullum da sassafe yana buɗe shago yakan ga uwar yarana ta wuce ta hanyar gona, da lema a hannu ɗaya, da 'yan tsinkayen tsintsiya a ɗaya hannun. Ya ce bai taɓa tambayarta ba, bai taɓa tambayata ba, shekara talatin da takwas ke nan.

"To yau me ya kawo tambayar?"

"Ban tambaya ba. Yadi nake yankawa."

Ban sha shayin ba. Na dawo ta doguwar hanya, ta bayan makaranta.

Alhamis, bakwai daidai

Ruwa: babu. Da hannuna na rubuta. Wannan ba ƙarya ba ce. Ban taɓa cewa da idona na gani ba.

Jumma'a, biyu na rana

Na buga wa Auta. Na ce gobe ta zo kafin bakwai, ta zo da rula.

Asabar, tara na safe

Ruwa: milimita goma sha huɗu. Ita ta karanta, na duba, daidai ne.

Bayan mun zubar na shimfiɗa tabarma kusa da ma'aunin na buɗe gwangwanin. Zaren yana nan yadda aka naɗe shi, baƙin zaren ɗinki. Tsinke goma sha ɗaya a ɗaure a jikinsa, wani dogo wani gajere, da ƙulli takwas a tsakaninsu.

Na faɗa mata. Zan rubuta a nan ma, sau ɗaya.

Ranar da tarakta ta taka ni aka wuce da ni asibiti, mabuɗin kabad ɗin ofis yana rataye a wuyana. Gilashin awo yana cikin kabad ɗin. Shi ne mai zane-zanen da ake juye ruwan a ciki a karanta. Uwarsu ta zo duba ni, ta ce in ba ta mabuɗin ta riƙa aunawa. Na hana. Na ce gilashi ɗaya ne a gonar, hannunta na wanke-wanke ne, za ta fasa. Manaja kuma ya tafi hutu, kuma doka ce ba mai taɓa ma'auni sai wanda aka ɗauka.

Da aka sallame ni ta miƙo mini wannan zaren. Ashe kullum ƙarfe bakwai tana zuwa. Sai ta ɗaga mazurari, ta tsoma tsinke a kofin tagullar da ruwan ke taruwa a ciki, ta karya shi daidai inda ya jiƙe, ta ɗaure a zare, ta zubar da ruwan. Ranar da ba ruwa ta yi ƙulli. Ba ta san baƙi ba, ba ta san lamba ba. Na zauna da rula na auna tsinkayen, na cike layukan a zama ɗaya kafin manaja ya dawo.

Auta ta kalli ma'aunin. Ta tashi ta ɗebo ruwa, ta auna milimita goma a gilashin, ta juye a kofin tagullar. Ta zare tsinke daga tsintsiyata ta tsoma, ta ɗora a rula. Ashirin. Ta sake da biyar, ya ba da goma. Kofin ya fi bakin mazurari ƙunci, ruwan yakan hau sama ninki biyu.

"Ka san da wannan, Baba?"

"Ba a lokacin ba. Bayan shekara uku na gane, ina wanke kofin."

"Me ya hana ka gyara?"

Na ce da farko tsoron kora. Daga baya kuma an riga an san ni da mutumin da bai taɓa fashi ba, har an ba ni agogon bango a kan haka. Ta ce to bayan an rufe gonar fa, wa zai kore ka? Na ce rana ta yi zafi, mu koma inuwa. Ba ta motsa ba. Taurin kan nan ba daga waje ta samo shi ba.

Sai na ce mata uwarta ba ta bar rubutu ko layi ɗaya a duniya ba. Lambobin nan sha ɗaya su ke nan. Shekara shida da rasuwarta, ni ba zan sa biro in raba su biyu ba.

Ta jera zaren a kan cinyarta tana shafa tsinkayen da yatsa. Can ta ce:

"Baba, ita fa daidai ta auna. Kai ne ka karanta ba daidai ba. Ba nata za mu gyara ba, naka ne."

Na ce haka ne.

Muka raba kowace lamba biyu, ta jera su kusa da na tashoshin nan uku. Sun zauna kamar 'yan ɗaki ɗaya. Ta yi kuka kaɗan, ta ce hayaƙin maƙwabta ne. Ba wanda ya hura wuta.

Lahadi, biyar na yamma

Ruwa: milimita uku.

Ta karanta mini amsar da za ta aika, tana juya mini ita da Hausa. Ta rubuta wai "an samu kuskure wajen karanta awon". Na ce wa ya samu? A rubuta ni ne. A rubuta na hana mabuɗi, a rubuta na gane na yi shiru. Ta ce Baba ba a sa irin wannan a mujalla, kuma kowa zai gani. Na ce ai na ji, ƙofar ɗaki. In za a buɗe a buɗe duka, kada a bar mutane suna leƙe. Mun yi ciniki, ta cire zancen mabuɗin, ta bar saura. Ta aika saura kwana goma.

Na ci abinci sosai.

Talata, bakwai da minti biyar

Ruwa: babu. Amsa: babu.

Alhamis, bakwai da kwata

Ruwa: milimita talatin da ɗaya, har ya shigo zaure. Amsa: babu. Tela ya ce mutumin yana juya cikin rigar ne, in bar shi ya yi aikinsa. Ya karɓi tsohuwar rigata ya farke aljihun ya sake ɗinkawa. Har yanzu a karkace yake.

Laraba, shida na yamma

Ruwa: ɗigo huɗu.

Kwana goma sha bakwai da aikawa, yau Auta ta shigo ko sallama ba ta gama ba. An karɓa.

Na ce ta karanta mini abin da Na Biyu ya ce, kada ta tsallake komai. Ya ce ya gamsu. Ya ce yanzu ya fi amincewa da sauran shekarun fiye da da. Sannan ya nemi abu biyu: a sa hoton zaren a cikin takardar, da rula a gefensa, don wani ya iya sake lissafin da kansa. Kuma a teburin da aka rubuta sunan mai awo, kwanakin nan sha tara a sa sunan wadda ta auna, tunda ba ni ba ne.

Na ce ta sake karanta na biyun. Ta sake.

Na ce in ana iya aika masa saƙo, a ce tsohon ya gode, kuma in ya taɓa biyowa ta nan akwai shayi. Ta ce ba a san ko namiji ne ko mace ba. Wannan bai taɓa zo mini ba. Wata guda ina faɗa da wani mai gemu a raina.

Litinin, bayan wata biyu, takwas na safe

Ruwa: babu. Damina ta yi sallama.

Takardar ta fito, an kuma tabbatar da Auta a aikinta. Jiya Tela ya buɗe a wayarsa a shago, ba wanda ya ce ya biya ko sisi. Turancin bai dame mu ba, muka yi ta ja har muka kai hoton. Ga zaren nan a kan farin ƙyalle, fashewar gilashin wayar ta ratsa ta kan tsinke na huɗu. Ya daɗe yana kallo, ya ce zaren daga shagonsa aka saya, ya kamata a sa sunansa shi ma. Na ce ya rubuta wa Na Biyu.

Wani mai kawo ɗinki ya tambaya ko ni ne wanda aka ce ya yi shekara arba'in da ɗaya bai yi fashi ba. Na ce a'a, ni na yi fashin kwana sha tara. Wadda ba ta yi fashi ba tana cikin hoton nan.

Yau da safe na ɗauko littafi na tara na buɗe shafin nan mai sumul. Auta ta hana ni rubutu a gefen littafin ruwa. Na rubuta sunan uwarta a gefen, sau ɗaya, da hannuna.